Taswirar tafki ta kuɗi a waya: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

MaiFatsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na kai shekara shida ina kamun kifi da fatsa, wani lokaci daga bakin gaɓa, wani lokaci a cikin ƙaramin kwale-kwale, kuma ruwa biyu nake zuwa: ɗaya tafki ne na asali, ɗayan kuma ruwan madatsa ne. Kwanan baya na sauke wata manhajar taswira da ke nuna layukan zurfi, aka ba ni 'yan kwanaki na gwaji, yanzu ga shi sun kusa ƙarewa kuma ana neman in fara biyan kuɗin shekara. Abin da nake son sani shi ne, a cikinku akwai wanda kamunsa ya ƙaru saboda ya biya kuɗin irin wannan taswira, ko kuwa ado ne kawai a fuskar waya? Ba ni da na'urar auna zurfi, waya kaɗai gare ni.

Giwan_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ni dai shekara uku ke nan ina biya, kuma ban yi da-na-sani ba. Kafin in samu taswira nakan ɓata rabin safiya ina yawo a kan ruwa ina neman inda ƙasa ta gangara. Yanzu tun da dare nake zama in zaɓi wurare huɗu ko biyar, in sa musu alama, gari na wayewa in nufe su kai tsaye. Man injin da na daina ƙonawa a banza ya fi kuɗin manhajar.

Tsohon_Masunci:
Wa alaikumus salam, ɗana MaiFatsa. Na fara shiga ruwa tun kafin a san waya, kuma taswirata ita ce gora da igiya mai dalma a baki. Ba na raina sabon abu, amma ina so ka lura cewa kifi ba ya karanta taswira. Wurin da ya ba ka kifi da sanyin safiya zai iya hana ka da rana tsaka, alhali zurfinsa bai canza ba ko da taƙi ɗaya. Idan kana da kuɗin da za ka kashe, ka ƙara yawan ranakun da kake kan ruwa, domin ido da haƙuri su ne suke koyar da mutum.

Injiniyan_Zurfi:
Malam MaiFatsa, kafin kowa ya ce maka ka biya ko kada ka biya, akwai tambayar da ta kamata ka fara amsawa: wa ya auna tafkunan nan naka, yaushe, kuma da wane irin kayan aiki? Duk darajar taswira a nan take.

Bari in yi bayanin yadda ake samun layukan da kake gani. Na'urar auna zurfi tana harba sauti zuwa ƙasan ruwa, ta jira amsa-kuwwarsa ta dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,480 a daƙiƙa ɗaya a cikin ruwan daɗi, saboda haka daga lokacin da ya ɗauka kafin ya je ya dawo ake lissafa zurfin. Sai dai sautin yana fita ne kamar mazurari, kuma a na'urorin da aka fi amfani da su, masu kusurwar digiri 20, faɗin wurin da yake taɓawa a ƙasa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin. Wato a ruwa mai zurfin mita 9, na'urar tana ganin fili mai faɗin kimanin mita 3 ne kacal. Idan jirgin masu awo ya bi layi, ya juyo ya bi wani layin da ke nesa da na farko da mita 50, to duk abin da ke tsakani ba a gan shi ba. Kwamfuta ce take cike giɓin da kintace, ta zana layuka masu santsi da kyan gani.

Shi ya sa za ka ga taswira an rubuta cewa tana nuna bambancin zurfi na kowace ƙafa ɗaya, amma ka je ka tarar da tudun duwatsu a inda ta nuna fili shimfiɗaɗɗe. Yawan layuka ba ya nufin yawan awo. Alamar da nake dubawa ita ce: idan layukan sun bi siffar gaɓa daidai-wa-daida, suna zagaye kamar ɓawon albasa har zuwa tsakiya, to da wuya a ce an auna wurin sosai. Taswirar da aka auna da gaske takan fito da karkace-karkace, da ramuka, da 'yan tuddai a wuraren da ba ka zata ba.

MaiFatsa:
Na gode, Injiniya. Na koma na duba yanzu. Ruwan madatsar yana da irin karkace-karkacen da ka faɗa, har ina ganin wani dogon kwari yana ratsa tsakiyarsa. Tafkin asalin kuwa zagaye ne kawai, layi cikin layi, kamar yadda ka kwatanta.

Injiniyan_Zurfi:
Wannan dogon kwarin tsohuwar hanyar kogin ce tun kafin a datse shi. Idan ba don komai ba, sanin inda take lanƙwasa ya isa ya sauya maka kamu, domin kifaye da dama suna bin gefenta kamar yadda mutane suke bin titi.

Kurungu_22:
Ni ina ganin an wahalar da maganar. Ai taurarin ɗan'adam sun riga sun auna zurfin kowane tafki a duniya, kamfanonin nan kwasowa kawai suke yi kyauta su sayar mana. Don haka ban ga dalilin biya ba.

Malama_Taswira:
Ɗan'uwa Kurungu_22, a nan kam akwai gyara. Hoton tauraron ɗan'adam haske yake kamawa, kuma haske ba ya ratsa ruwa mai nisa. Ana iya ƙiyasta zurfi daga sama a ruwa garau marar zurfi, irin na wasu gaɓoɓin teku, amma a tafki mai laka ko mai kore ba a ganin komai bayan 'yan taƙi kaɗan. Zurfin tafkuna ana samunsa ne daga awon hukumomi, ko daga jiragen awo na kamfanoni, ko daga bayanan da masu kamun kifi suke turawa da na'urorinsu.

Amma akwai gaskiya a gefen maganarka, kuma ita ce nake so MaiFatsa ya riƙe. Hotunan sama na kyauta suna da amfani ƙwarai a ruwan madatsa. A manhajar Google Earth Pro ta kwamfuta, wadda ta zama kyauta tun 2015, akwai wurin da ake ja a koma hotunan shekarun baya. Ka nemi shekarar da ruwa ya fi janyewa, za ka ga duwatsu, da kututture, da bakin tsoffin rafuka a fili, ka sa musu alama, ka kwashe lambobin wurin ka zuba a wayarka. Haka kuma hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai kyauta ne, ana sabunta su kusan duk kwana 5, kodayake kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar mita 10 ne, don haka ba za ka ga ƙananan abubuwa ba. Abin da idonka ya gani a busasshiyar ƙasa ya fi duk wani layi da kwamfuta ta kintata.

Kurungu_22:
Na karɓi gyara, Malama. Amma dai kin ƙarfafa ni a kan cewa akwai hanyar kyauta.

Giwan_Ruwa:
Hanyar kyauta tana nuna maka gefe ne kawai, wato iya inda ruwa ya taɓa janyewa. Abin da ke ƙarƙashin mita 8 ko 10 wanda bai taɓa fitowa fili ba fa? A nan ne taswirar kuɗi take da ranarta. Kuma abin da na fi so a cikin tawa shi ne damar shafa launi a kan wani zangon zurfi. Idan na kama kifi biyu a tsakanin mita 4 da 5, sai in ce wa manhajar ta haska mini duk wurin da ke da wannan zurfin a faɗin tafkin. Cikin ƙiftawar ido sai in ga wasu wurare goma masu kama da inda nake. Da igiya da dalma wannan aikin zai ci wata guda.

Bakin_Gaɓa:
Ina so in yi magana a madadin mu da ba mu da jirgi. Na biya kuɗin shekara ɗaya na wata manhaja da ba sai na ambaci sunanta ba, kuma ban sabunta ba. Dalili shi ne jifata ba ta wuce mita 40 zuwa 50 daga inda nake tsaye, kuma wannan zirin na bakin ruwa shi ne wurin da taswirar ta fi rauni, tunda jiragen awo ba sa matsowa kusa da gaɓa saboda tsoron duwatsu da ciyawa. Na tarar da rami mai zurfin fiye da tsayina a inda aka zana ruwan gwiwa. Wanda yake kamu daga gaɓa zai fi amfana da ya ɗaura dalma ya yi ta jifa yana ƙirga daƙiƙun da take ɗauka kafin ta taɓa ƙasa, sannan ya ja ta a hankali ya ji ko laka ce, ko yashi, ko tsakuwa.

Uwar_Tarwaɗa:
Na goyi bayan Bakin_Gaɓa, amma da ƙari. Akwai ƙaramar na'ura mai kamar ƙwallo da ake ɗaurawa a igiyar fatsa a jefa, ta riƙa turo zurfi zuwa waya. Wadda na sani ita ce Deeper, ta wani kamfani a ƙasar Lituweniya, kuma wasu nau'o'inta suna da GPS a ciki, wato abin da ke nuna ainihin wurin da take, don haka kana tsaye a gaɓa kana jifa kana janyowa, tana zana maka taswirar wurin. Sau ɗaya ake sayenta. A ganina, ga mai ruwa ɗaya ko biyu kamar MaiFatsa, kuɗin da zai tara na shekara uku ko huɗu gara ya zuba shi a na'urar da za ta ba shi awon kansa.

Ɗan_Koma:
Hajiya, wannan shawara tana da kyau, sai dai a tuna cewa auna tafki aiki ne. Na gwada. Ranar da kake awo ba ka kamun kifi, domin sai ka riƙa tafiya a hankali a layi madaidaici, ka je ka dawo, ka je ka dawo, kamar mai huɗa. Na yi yini biyu cur ban gama kusurwa ɗaya ta tafkin ba. Wanda hutunsa kwana ɗaya ne a mako ya yi lissafi tukuna.

Injiniyan_Zurfi:
Gaskiya ne, amma ba dole ba ne a ware rana ta musamman. Manyan kamfanoni uku masu ƙera na'urorin auna zurfi duk sun sa wannan fasaha ta zana taswira a cikin na'urorinsu na jirgi: Garmin yana da Quickdraw Contours, Humminbird yana da AutoChart Live, Lowrance kuma yana da Genesis Live. Kana kunna ta, duk inda jirginka ya bi tana zanawa, kana kamunka tana aikinta. Bayan 'yan watanni za ka ga wuraren da ka fi zuwa sun cika da awo na gaskiya, kuma su ne dama wuraren da suka dame ka. Ba ka buƙatar taswirar tafkin gaba ɗaya.

Kurungu_22:
To ita manhajar taswira ta Navionics da kowa yake magana a kai, ba ta Lowrance ba ce?

Malama_Taswira:
A'a. Navionics kamfanin Italiya ne da aka kafa a 1984, kuma Garmin ya saye shi a 2017. Wadda take gida ɗaya da Lowrance ita ce C-MAP, dukansu suna ƙarƙashin kamfanin Navico, wanda kamfanin Brunswick ya saya a 2021. Taswirar LakeMaster kuma ta Humminbird ce, kuma ƙarfinta yana tafkunan Amurka da Kanada. Wannan rabe-raben yana da muhimmanci ga mai saye, saboda katin taswirar wani kamfani ba lallai ne ya yi aiki a na'urar wani ba, kuma kowannensu yana da yankin da ya fi aunawa. Tafkin da ake yawan gasar kamun kifi a cikinsa za ka same shi an auna shi ciki da bai, amma ƙaramin ruwan da ba ya kawo musu masu saye sai dai a zana masa gefe a bar shi.

Mai_Gora:
Akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓo, kuma shi ne ya kusa jawo mini asara. Lambar zurfin da ke kan taswira an rubuta ta ne bisa wani matakin ruwa guda ɗaya, galibi lokacin da ruwan yake cike. Ruwan madatsa kuwa hawa da sauka yake yi. Wata rana na taho da gudu a inda wayata ta nuna mita 3, ban tuna cewa ruwa ya sauka da fiye da mita 2 ba, sai ji na yi farfelar injin ta daki dutse. Laifina ne, domin manhajar tana da wurin da ake shigar da yawan saukar ruwa ta gyara dukan lambobin, ni ne ban kula ba. MaiFatsa, tunda madatsa kake zuwa, ka tabbata wadda za ka biya tana da wannan gyaran, in ba haka ba kullum sai ka yi ɗebewa a ka.

Malam_Lissafi:
Allah ya kiyaye gaba, Mai_Gora. Don a ga girman abin, tafkin Mead na Amurka, wanda madatsar Hoover ta tara, ya sauka a watan Yulin 2022 zuwa kusan ƙafa 1,040 daga matakin teku, wato fiye da mita 50 ƙasa da cikarsa, har wani jirgin ruwa na zamanin yaƙin duniya na biyu da ya nutse ya fito fili. A irin wannan hali wurin da taswira ta kira tsakiyar ruwa ya zama tudu. Ban da hawa da sauka, akwai kuma cikewa: kogi yana kwaso yashi da laka yana zubewa a inda ya shigo madatsa, shekara bayan shekara, saboda haka awon da aka yi shekara ashirin da suka wuce a wannan ɓangaren ya zama tarihi. Ɓangaren da ke kusa da bangon madatsa shi ne ya fi daɗewa bai canza ba.

Tsohon_Masunci:
Kun ga abin da nake faɗa. Ruwa rayayye ne, takarda kuwa matacciya ce. Mai_Gora, da gora ce a hannunka da ba ka daki dutsen nan ba.

Giwan_Ruwa:
Baba, da girmamawa, da gora ce a hannunsa da bai isa wurin ba sai azahar. Kowane zamani da kayan aikinsa. Amma na yarda da kai a kan abu ɗaya, kada mutum ya dogara da waya wajen tsaron ransa. GPS ɗin waya a fili yana iya kuskuren kusan mita 5, kuma kututture galibi ba ya kai faɗin mita ɗaya. Tafkin Volta na Ghana misali ne: da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya rufe daji ba tare da an sare itatuwa ba, kuma har yau kututturan suna fasa jirage. Babu taswirar da za ta lissafa maka kowane itace a ruwa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500.

Shiru_Kake_Ji:
Ni damuwata daban ce. Yawancin manhajojin nan suna inganta taswirarsu ne da bayanan da mu masu amfani muke turawa. SonarChart ta Navionics haka take aiki, ana haɗa awon mutane da yawa a fitar da layuka na kowane rabin mita. Wato ka sha wahala ka gano wani tudu a ƙarƙashin ruwa wanda ba kowa ya san shi ba, na'urarka ta tura, bayan ɗan lokaci ya bayyana a wayar duk wanda ya biya. Ka biya su kuɗi, ka kuma ba su sirrinka. Na taɓa samun wani wuri da nake kama manyan tarwaɗa ni kaɗai har shekara biyu, na yi sakaci na bar maɓallin rabawa a kunne a wata manhaja, kaka mai zuwa na tarar da jirage uku a kansa.

Uwar_Tarwaɗa:
Malam Shiru, ba na musun abin da ya same ka, amma ka tabbata manhajar ce ta tona? Mutanen da ke kan ruwa suna da idanu. Wanda aka gani yana komawa wuri ɗaya shekara biyu yana fitowa da kaya, ba a buƙatar intanet kafin a bi sawunsa. Kuma idan kowa ya ɓoye awonsa, taswirar da MaiFatsa ya gani mai kyau a madatsarsa ba za ta samu ba. Daga na gaba ake ganin zurfin ruwa.

Shiru_Kake_Ji:
Hajiya, mai yiwuwa ne idanu ne. Amma bambancin shi ne mai ido mutum ɗaya ne ko biyu, manhaja kuwa dubbai take gaya wa. Kuma ƙaramin tafki ba ya jure taro.

Malama_Taswira:
Ana iya raba gardamar nan. Tura awo zaɓi ne a mafi yawansu. A Quickdraw awonka yana zaune a katin da ke cikin na'urarka, sai ka ga dama za ka ɗora shi ga jama'a. Abin da ya kamata a bambance shi ne manhajar zurfi da manhajar zumunta irin Fishbrain ta ƙasar Suwidin, wadda ginshiƙinta shi ne mutane su sa hoton kifin da suka kama da wurin da suka kama shi. Ta farko siffar ƙasa take nunawa, ta biyu kuwa sawun mutane. Wanda yake tsoron taro ya fi kamata ya yi hattara da ta biyun, ya shiga saituna ya rufe wurin kamunsa kafin ya sa hoto.

MaiFatsa:
Ina biye da ku duka, kuma na ƙaru. Amma bari in maido mu kan tambayata ta farko, domin har yanzu Giwan_Ruwa ne kaɗai ya ce kamunsa ya gyaru, shi ma man inji ya ambata, bai ce kifi ya ƙaru ba. Akwai wanda ya riƙe lissafi?

Malam_Lissafi:
Ni na riƙe, domin ina rubuta kowace fita a littafi: rana, awannin da na yi, da abin da na kama. Abin da na gani a nawa littafin shi ne, a tafkin da na sani tun da daɗewa taswira ba ta ƙara mini komai ba, shekarar da na biya da wadda ban biya ba kusan ɗaya suke. A ruwan da na je baƙunta kuwa bambancin a fili yake, domin a da fitata ta farko da ta biyu a sabon ruwa yawanci hannu rabbana nake dawowa, amma da taswira nakan samu wani abu tun ranar farko. Don haka a wurina abin da ake saye shi ne gajarta lokacin koyo. Mai yawo tafki zuwa tafki yana sayen wannan sau da yawa a shekara, mai ruwa biyu kuwa sau biyu kawai zai saya a rayuwarsa. Wannan lissafin mutum ɗaya ne, kada a ɗauke shi hukunci.

Ɗan_Koma:
Wannan ya kawo wata dabara. Me zai hana MaiFatsa ya biya shekara ɗaya tak, ya zauna ya yi nazarin madatsar, ya fitar da lambobin duk wuraren da suka yi masa, ya rubuta su a littafi ko ya adana su a manhajar GPS ta kyauta, sannan ya daina biya? Tsohuwar hanyar kogi ba za ta tashi ta koma wani wuri ba. Sai dai ya karanta sharuɗɗa da kyau, domin ni na taɓa ɗauka taswirar da na sauke za ta zauna a wayata bayan wa'adi ya cika, ranar da na buɗe a kan ruwa sai na tarar layukan sun ɓace, gefen tafkin kawai aka bar mini. Ya kuma kashe sabuntawa ta kai tsaye, kada a cire masa kuɗi yana barci.

Injiniyan_Zurfi:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Baba Tsohon_Masunci ta farko, saboda akwai ilimi a cikinta da bai kamata a wuce shi ba. Taswira tana gaya maka inda ƙasa take, ba ta gaya maka a wane hawa na ruwa kifi yake ba. A lokacin zafi tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa: na sama mai ɗumi ne, iska tana kaɗa shi yana samun iskar shaƙa, na ƙasa mai sanyi ne da nauyi, ba ya gaurayuwa da na sama. Ganyaye da sauran matattun abubuwa suna nutsewa suna ruɓewa a can, suna cinye iskar da ke ciki, har a wasu tafkunan ƙasan ya zama ba kifin da zai iya daɗewa. Sabon mai taswira yakan ga rami mafi zurfi ya ce ai nan manya suke, ya je ya yini yana jiƙa ƙugiya a ruwan da babu rai. Inda ya kamata ya nema shi ne wurin da iyakar hawa biyun ta haɗu da gangaren ƙasa, kuma zurfin wannan iyaka yana sauyawa daga wata zuwa wata. Na'urar auna zurfi takan nuna ta kamar wani siririn hazo a tsakiyar ruwa. Taswira ita kaɗai ba za ta nuna ba.

Tsohon_Masunci:
Madalla, Injiniya. Mu ba mu san sunanta ba, amma mun san cewa idan ka saukar da ƙaramin kifi mai rai ya wuce wani zurfi, ka ɗago shi a mace. Daga nan sai mu rage igiya.

Bakin_Gaɓa:
Kafin a rufe zancen kyauta, a duba ko hukumar da ke kula da ruwan tana da taswirarta. Jihar Minnesota ta Amurka, alal misali, tana da LakeFinder inda ake samun taswirar zurfin tafkuna masu yawa ba tare da biyan komai ba. Wasu tsoffin taswirorin irin waɗannan ƙasashe masu sanyi an yi su ne da hunturu, a huda ƙanƙara a saukar da igiya mai nauyi rami bayan rami. Kuma duk madatsar da aka gina sai da aka yi awon kwarin kafin a tare ruwa, saboda haka tsohuwar taswirar ƙasa ta kafin gini, idan an same ta, tana nuna hanyoyi da gadoji da rafukan da yanzu suke ƙarƙashin ruwa.

Giwan_Ruwa:
Duk wanda zai dogara da waya a kan ruwa ya sauke taswirar tun yana gida, domin a tsakiyar tafki sau da yawa babu sabis, alhali GPS yana aiki ko babu intanet. Ya kuma tafi da abin cajin tafi-da-gidanka, saboda hasken fuskar waya da GPS tare suna shanye batir kafin la'asar.

MaiFatsa:
Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Kwana uku suka rage mini na gwaji. Gobe in Allah ya yarda zan shiga madatsar da igiya mai dalma wadda na ƙulla wa alama a kowace mita, in tsaya a wurare goma, in gwada abin da igiya ta ce da abin da waya ta ce, bayan na cire saukar ruwa kamar yadda Mai_Gora ya yi gargaɗi. Tafkin asalin kuwa na riga na cire rai da taswirarsa. Hajiya Uwar_Tarwaɗa, ƙwallon nan da kika ambata, yana iya awo idan an ja shi a bayan kwale-kwale, ko sai daga gaɓa kawai?

Uwar_Tarwaɗa:
Yana yi, matuƙar kana tafiya a hankali kuma ruwan ba ya tumbatsa sosai, domin idan igiyar ruwa tana dulmiyar da shi saƙon yana yankewa tsakaninsa da waya. Akwai kuma wani hannu mai lanƙwasa da ake maƙala shi a gefen jirgi. Idan ka je gwajin goben, ka sa uku daga cikin wurare goman a bakin kwarin nan, inda layuka suka matsu da juna, domin a nan ne kuskuren mita biyar na GPS zai fi nuna kansa.

Mai_Gora:
Ka kuma duba matakin ruwan a ranar, ba na makon jiya ba. Idan ana sakin ruwa, tsakanin Asabar da Asabar ma akwai bambanci. Muna jiran lambobin.